Ɗaukar damon gida a lokacin ƙaura

Damo ba ya sarrafa zafin jikinsa yadda akuya ko kaza ke yi. Idan sanyi ya kama shi sai ya fito rana, idan rana ta yi yawa ya koma rami. Da zarar an rufe shi a buhu ko akwati, an raba shi da wannan dabara, kuma zafi na iya kashe shi a hanya. A yankin Gidan Katta da sauran ƙasar Illela, inda zafin Afrilu da Mayu kan haura digiri 40, but ɗin mota ko bayan a-kori-kura da tsakar rana tanda ce. Ana yi wa damo kirari da sarkin haƙuri, to amma haƙurin nan shi ke ruɗin mai shi: damo ba ya kuka, sai dai a ga ya wage baki yana haki, daga nan jiki ya saki.

Saboda haka, da bazara bayan sallar asuba ake kama hanya. Da hunturu kuwa, a Disamba da Janairu, sai a jira hantsi ya ɗaga.

Shiri yana farawa tun kwana 2 kafin tafiya. Ana dakatar da abinci, domin jijjigar mota kan sa shi amai, amma a bar masa ruwa. Yunwar ba za ta cutar da shi ba, tun da a daji ma damo kan shafe yawancin rani a ɓoye, ba ya cin abin kirki sai damina ta kawo fara da gyare da dodon koɗi. Ranar tafiya, hannu ɗaya ya kama bayan wuya, ɗayan ya tallabi ƙugu da gindin wutsiya. Ba a ɗaga shi ta wutsiya, kuma yana bulala da ita, ga cizo, ga farata masu kaifi. Ɗaurin igiya a ƙugu irin na mafarauta, wanda ake gani a kasuwanni, yana yanka fata ya danne kayan ciki. Ɗaurin abin yanka ne, bai dace da abin kiwo ba.

A sa shi cikin jakar yadin auduga mai ƙwari, a ɗaure bakinta sosai, don damo gwanin turo hanci ne ta ƙaramar kafa. Jakar ta shiga kwali mai kauri ko akwatin katako da aka huda gefensa, a shimfiɗa tsumma. Buhun leda da bokitin ƙarfe ba su da wuri a wannan aiki. Akwatin ya zauna cikin mota wurin ƙafafun fasinja, ba a ƙarƙashin katifa da buhunan gero ba. Idan Sakkwato aka nufa ta Gwadabawa da Kware, duk inda direba ya tsaya a fito da shi inuwa. Bayan taɓa shi a wanke hannu da sabulu, saboda kashinsa na iya ɗauke da ƙwayar salmonela mai sa gudawa, musamman ga yara.

Mai tsallakawa Birnin Ƙonni a Nijar yana da ƙarin lamari. Damo na cikin rukuni na biyu na yarjejeniyar CITES kan cinikin namun daji tsakanin ƙasashe, wadda Nijeriya da Nijar duk suka shiga, kuma Nijeriya ta kafa dokar kare dabbobin dawa a 1985, aka gyara ta a 2016. Fitar da shi daga ƙasa yana buƙatar takardar izini, ko da na gida ne. In babu ita, jami'an kan iyaka na da hurumin ƙwace shi.

A sabon gida, a tanadi wurinsa kafin ya iso: inuwa, gefen da rana ke taɓawa, maɓoya da kaskon ruwa. A duba gindin katanga, domin damo mahaƙi ne. Yakan ƙi abinci na 'yan kwanaki, sai a ƙyale shi, a hana yara da karnuka zuwa kusa.