Iya iyo daban, iya gasa daban

A Bader Goula da sauran garuruwan Dakoro, damina ce malamar iyo. Tafki ya cika, yara su faɗa. Ruwa ya janye, sai kuma baɗi. Cikinsu akwai masu ƙarfin damtse da dogon numfashi waɗanda, da za su samu mai horarwa, sai a ji sunansu a Yamai. Sai dai ya kamata iyaye su sani tun da wuri: yaro yana iya faɗuwa gasa tun jikinsa bai taɓa ruwa ba.

Hakan ta faru da ɗan ƙasarmu. A watan Satumban 2000, a wasannin Olamfik na birnin Sidni, mutum uku suka hau bakin tafki don tseren mita 100: Karim Bare na Nijar, Farkhod Oripov na Tajikistan da Eric Moussambani na Ikwatoriyal Gini. Biyun farko suka yi riga-malam-masallaci, suka faɗa ruwa kafin a ba da alama, nan take aka fitar da su. Moussambani, wanda kafin zuwansa Sidni bai taɓa ganin tafki mai tsawon mita 50 ba, ya yi tseren shi kaɗai cikin minti 1 da daƙiƙa 52.72, duniya ta tafa masa. Abin da ya raba su a ranar, jiran alama ne.

Don haka kunne ake fara horarwa. Alƙali zai busa usur mai tsawo, yaro ya hau dandamali. A ce a shirya, ya duƙa ya tsaya cak. Sai ƙarar tashi ta fito sannan ya yi tsalle. Wanda ya riga ta, ya fita, babu roƙo. Wannan ana iya koya shi ko a tsakar gida da rani, a yi ta maimaitawa har zumuɗi ya kwanta.

Sai ƙa'idojin cikin ruwa. Salon gasa huɗu ne: na sake, na rigingine, na kwaɗo da na malam-buɗe-littafi. A biyun ƙarshe, dole hannu biyu su taɓa bango lokaci guda. A dukkansu, ban da na kwaɗo, kan yaro ya fito sama kafin ya wuce mita 15 da nutso. Ga kuma layin da aka ba shi, wanda ba a ƙetarewa. Yaron da ya saba da tafkin gari, inda ba bango ba igiya, yana buƙatar ya shiga tafkin gasa ya gwada juyawa kafin ranar ta zo.

Rabon iyaye ba kaɗan ba ne. A kai yaro asibiti tukuna, domin ruwan da ke kwance yana ɗauke da tsargiya, mai sa fitsarin jini da ƙarancin jini, kuma tana da magani. Daren gasa ya yi barci isasshe. Ya ci abincin da cikinsa ya sani, kamar fura ko shinkafa, awa biyu zuwa uku kafin tsere, ya riƙa shan ruwa, don mai iyo ma yana zufa. A isa wuri da wuri, a san lokacin tserensa da lambar layinsa.

Mafi wuya shi ne riƙe baki. Uba ya bar koyarwa ga mai horarwa, kada ya tsaya gefe yana ɗaga murya. Idan yaro ya fito, ko na ƙarshe ya zo, a miƙa masa tawul, a rubuta lokacin da ya yi a littafi. Lokacin nan shi zai yi ƙoƙarin ragewa a gasa ta gaba.