Raɗa Wa Hotunan Haja Suna a Kasuwar Kurmi

Kasuwar Kurmi, wadda Sarki Muhammadu Rumfa ya kafa a ƙarni na 15, yau cinikinta ya shiga waya. Mai jakunkunan fata ko kayan doki yakan ɗauki hotunan hajarsa rututu don tura wa masu saye a Legas ko Yamai. Wani lokaci yakan kai su shagon kwamfuta a rage musu nauyi, a manna musu lambar wayarsa, duk a zama ɗaya.

A nan ake yin ɓarna. Manhaja tana bin hotunan ɗaya bayan ɗaya, kuma idan suna guda aka ba ta, sabon hoto yana iya danne na gabansa, a wayi gari ɗaya tal ya rage. Ko a tashar mota, buhun da ba a rubuta masa shaida ba shi ne ke ɓata.

Dabarar ita ce a ba manhajar ƙa'idar da za ta riƙa ƙera wa kowane fayil sunansa da kanta. Duk mai wayar Android ya taɓa ganin irin wannan a hotunan WhatsApp: IMG-20240315-WA0007. Shekara ce a gaba, sai wata, sai rana, sannan lambar jeri. Tsarin fara kwanan wata da shekara shi ne na ƙa'idar ISO 8601 ta 1988, kuma amfaninsa a fili yake: da an jera fayiloli bisa suna, sun jeru bisa lokaci. Sifirorin nan ma ba ado ba ne. In babu su, wasu manhajoji sukan sa 10 a gaban 2.

Lambar jeri kaɗai kuwa ba ta isa ba, domin kyamarori da yawa suna komawa 0001 bayan 9999, sai sunaye su yi karo. Windows kuma ba ta karɓar alamar / a sunan fayil, don haka 15/03/2024 ba zai shiga ba.

Ɗan kasuwar da ya kai aiki shago, ya nemi a haɗa masa uku: kwanan wata, irin haja, da lamba, misali 20240315-sirdi-007. Ya kuma tabbatar an zuba sababbin hotunan a wata ma'ajiya daban, a bar masa na asali yadda suke.