Sadaukan Majigin Yara: Wanne Ya Cancanci Shiga Gida?

Duk wanda ya ratsa kasuwar Illela, ya baro kara ya shigo layin 'yan koli, zai ga wata fuska guda tana maimaituwa a jikin jakunkunan makaranta da riguna da takalman roba: wani mutum cikin jajayen kaya, ba baki ba hanci, sai manyan fararen idanu. Spider-Man ke nan. Kayan da ke ɗauke da hotonsa suna ƙetare iyaka zuwa Birnin Ƙonni kullum, kuma yaron da bai san sunan hakiminsu ba ya san nasa. Tun da yake mu ne muke sayar da kayan, mu ne kuma muke sayen wayar da ake kallon majigin a cikinta, ya kamata mu san ko su wane ne waɗannan baƙi.

Asalinsu Amurka. A 1938 wasu samari biyu, Jerry Siegel da Joe Shuster, suka fito da Superman a cikin mujallar zane. Batman ya biyo baya a 1939, Spider-Man kuwa sai a 1962. Daga takarda suka koma zane mai motsi. Gaskiya ɗaya ce, masu wannan sana'a sun iya ta. Jerin Batman da aka fara nunawa a talbijin a 1992 har yau ana misali da shi wajen tsara labari, fim ɗin Spider-Man na 2018 kuma ya ci lambar Oscar a 2019. To, amma fa duk gwanintarsu, mafi yawan rigingimunsu da naushi ake raba su, kuma sadaukin shi ne ɗan sanda, shi ne mai yanke hukunci, fuskarsa a rufe. Ma'aikacin hukuma da ke karanta wannan shafi ya san inda irin wannan ɗabi'a take kai gari.

Wani likitan halayyar ɗan Adam ɗan ƙasar Kuwait, Dakta Naif Al-Mutawa, ya nemi ya ba 'ya'yan Musulmi nasu sadaukan. A 2006 ya fito da mujallar The 99, daga baya aka mai da ita majigi. Tushen labarin abu ne da ya faru da gaske, watau faɗuwar Bagadaza a hannun Mongol a 1258 da halakar littattafanta. Daga nan sai ya ƙaga cewa masana sun tsame ilmin suka zuba shi cikin duwatsu 99, duwatsun suka watsu a duniya, duk yaron da ya tsinci ɗaya sai ya sami baiwa guda, wannan ƙarfi, wancan haske, wani hikima. Kyawun tsarin shi ne ba wanda baiwarsa take isarsa, sai sun haɗu uku-uku aiki yake yiwuwa.

Inda gizo ke saƙar shi ne sunayen. Daga Asma'ul Husna aka ciro su, har akwai wani ƙaƙƙarfan yaro mai suna Jabbar. Malamai sun daɗe da rarrabe wannan mas'ala: akwai sunayen da suka keɓanta ga Allah Maɗaukaki, kamar Ar-Rahman, akwai kuma siffofin da ake iya faɗa wa bawa gwargwadon matsayinsa, kamar yadda aka siffanta Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da tausayi da jinƙai a ƙarshen Suratut Tauba. Mu nan ƙasar Hausa da Abdu muke farawa, mu ce Abduljabbar, mu ce Abdulkarim. Mai littafin ya kare kansa da cewa siffofin kirki yake nufi, ba zatin Ubangiji ba. Duk da haka a 2014 babban Muftin Saudiyya da majalisarsa suka yi fatawar hana shi. Abin mamaki, tun kafin nan wata tashar yara a Amurka ta janye daga nuna shi, bayan wasu sun yi ta kururuwar wai Shari'a yake cusa wa 'ya'yansu. Ni dai a ganina aikin yana da kyau, amma da ya bar wa yaran sunayensu na yanka da ya huta, da mu ma mun huta.

Wanda na fi yabawa duka daga Pakistan ya fito, sunansa Burka Avenger, wani mawaƙi da ake kira Haroon ya ƙirƙiro shi, aka fara nunawa cikin harshen Urdu a watan Yuli na 2013. Jarumar malamar makaranta ce mai suna Jiya a wani ƙagaggen gari, Halwapur. Ba ta tashi daga wata duniya ba, ba wani gizo-gizo da ya cije ta. Horo ta samu wurin mariƙinta. Idan ɓarna ta taso sai ta lulluɓe da baƙar burƙa don kada a gane ta, makamanta kuwa littattafai ne da alƙaluma. Abokan gabanta biyu ne, wani boka mai suna Baba Bandook da wani azzalumin ɗan siyasa, Vadero Pajero, kuma abin da suka fara nema shi ne rufe makarantar 'yan mata. Wannan ba tatsuniya ba ce ga mutanen can, domin a Oktoban 2012 aka harbi Malala Yousafzai tana komawa gida daga makaranta. Ba tatsuniya ba ce gare mu ma, mu da muka ga abin da ya sami Chibok a Afrilun 2014. Majigin ya ci lambar Peabody a Amurka. Wasu sun soke shi da cewa ya ƙawata burƙa, alhali kuwa Jiya ba ta sa ta a aji, kayan ɓad da kama ne kurum, kamar takunkumin Batman.

Abin da ya sa labarin ya kwanta mini a rai shi ne mun riga mun san irin wannan mace. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda aka haifa a 1793 zamanin zaman Ɗegel, can ƙasar Gwadabawa maƙwabciyarmu, ita ta kafa tsarin 'Yan Taru. Takan zaɓi dattijuwa amintacciya ta naɗa ta jaji, ta ɗora mata malfa, ta tura ta ƙauyuka tana koya wa mata addini da waƙoƙin da aka tsara don haddacewa. Ga malama, ga tufafin da ake gane ta da su, ga doguwar tafiya a ƙafa. Mai zane da ya san aikinsa ba ya bukatar ya ƙara komai a kai.

Wasu sun fara leƙo tarihinmu. Roye Okupe, ɗan Nijeriya da ya yi zama a Amurka, ya ɗauko Sarauniya Amina ta Zazzau ya gina Malika a kanta, jaruma mai mulkin wata daula da ya kira Azzaz, har aka yi mata gajeren majigi a 2019. Da Turanci take magana.