Garantin kanti da garantin doka: wanne ke ceton mai tele a Birik?

A makon da aka buɗe gasar cin kofin Afirka a filin Olembe, cikin Janairun 2022, wani maƙwabcina a unguwarmu ta Briketeri, wato Birik, ya ɗauko tele sabuwa fil a kwalinta daga wani kanti a wajejen kasuwar Mokolo. Aka ba shi takardar garanti ta shekara ɗaya. A kanta muka ga Vincent Aboubakar ya zura wa Burkina Faso biyu, a kanta kuma muka ga ya ci Brazil a Katar. Wata uku bayan cikar shekarar, tele ta yi duhu: murya na fita, hoto babu. Mai kanti ya dubi kwanan wata ya ce, "Alhaji, sai haƙuri, garanti ya ƙare." Alhaji ya naɗo haƙurinsa ya dawo gida.

Yawancinmu a nan Birik, da Tsinga, da Madagaska (unguwar da ke maƙwabtaka da Mokolo nake nufi, ba tsibirin ba) mun ɗauka garanti ɗaya ne, ranar da ya ƙare magana ta ƙare. Alhali biyu ne. Akwai wanda mai kanti ya bayar, akwai wanda doka ta ɗora masa ko yana so ko ba ya so.

Na kanti alkawari ne, mai yin sa shi ke yanka masa wa'adi: wata shida, shekara, wani lokaci sati guda a wurin masu kayan hannu da ake kira burokant, shi ma na baka. Kyawunsa sauƙi. Ba a tambayarka me ya kashe kayan, kwanan wata kawai ake dubawa. Amma ka karanta ƙananan rubutun da ke bayan takardar. Galibi an cire fashewar gilashi, an cire duk abin da wani makaniki ya buɗe, an kuma cire ɓarnar wutar lantarki. A garin da ake ɗauke wuta ta dawo da ƙarfin tsiya, cire wannan na ƙarshe kamar a ba ka laima ne a ce ban da damina.

Na doka ya girmi dukkanmu. Ɓangaren Kamaru mai amfani da Faransanci har yau yana aiki da kundin dokar farar hula da ya gada daga Faransa, wanda asalinsa na 1804 ne. Sashe na 1641 ya ɗora wa mai sayarwa alhakin aibin da ke ɓoye a cikin kaya, in har aibin ya hana kayan yin aikin da aka saye shi dominsa. Ko mai kanti bai san da aibin ba, bai kuɓuta ba. Sashe na 1644 ya ba mai saye zaɓi: ya mayar da kaya ya karɓi kuɗinsa, ko ya riƙe a rage masa wani abu. Babu ruwan wannan haƙƙi da ranar da takardar kanti ta mutu. A kan wannan aka ƙara dokar kare masu saye mai lamba 2011/012 ta 6 ga Mayun 2011, wadda ta wajabta cewa kaya ya kasance mai ƙarko gwargwado, a haɗa shi da rasit ko takardar bayani, kuma kayan da ake daɗewa ana amfani da su a tanadi inda za a kula da su bayan ciniki.

Abin da ke ba ni mamaki shi ne yadda muke ganin wannan kamar baƙon abu na Nasara. Wanda ya zauna gaban malami ya karanta babin ciniki a Risala ta Ibn Abi Zaid ya san hiyarul aibi: ka sayi abu, ka tarar da tsohon aibi da ba a nuna maka ba, kana da damar mayarwa. Kakanninmu da suka yi fataucin shanu da goro har suka kafa wannan unguwa da wannan hukunci suka yi ciniki. Har sharaɗin gaggawa iri ɗaya ne. Malaman Malikiyya suna ɗaukar ci gaba da amfani da kaya bayan ganin aibi a matsayin yarda, shi kuma sashe na 1648 ya ce a kai kuka cikin ɗan gajeren lokaci. Faransa ta mayar da nata shekara biyu daga ranar gano aibin tun 2005, mu muna nan da tsohon lafazin, alƙali ne ke auna gajartarsa.

To in haka ne, me ya sa na kanti kaɗai aka sani? Saboda na doka yana neman hujja, kuma a ƙarƙashin kundin dokar farar hula a wuyan mai saye take. Kai za ka nuna cewa da aibin aka sayar maka. A Tarayyar Turai garantin doka shekara biyu ne, kuma a shekarar farko mai kanti ne zai tabbatar kayansa lafiya ya fita. A Ingila mutum na da shekara shida ya kai ƙara. A nan kai da Allahnka ne, sai kuma makaniki.

Kuma makanikin kirki yana iya bambancewa. Tele mai murya babu hoto, in ka haska gilashin da tocila ka hango inuwar hoto, fitilun da ke bayan gilashin ne suka mutu. Waɗannan an yi su ne su yi shekaru suna ci. In sun ƙone cikin wata goma sha biyar, akwai dalilin zargin masana'anta. In kuwa allon da ke karɓar wuta ne ya babbake bayan an dawo da wuta, wannan ba laifin mai kanti ba ne, kuma zalunci ne a ɗora masa. Matsalarmu gaggawa. Tele ta mutu da yamma, akwai wasa da dare, sai a kira yaro mai sukundireba ya buɗe, ya canza, ya jefar da abin da ya ciro a kwata. Hujjar ta tafi ke nan.

Sai kuɗi. Wa zai ɗauki lauya a kan tele? Kuɗin shari'a sai ya sayi biyu. Dokar 2011 ta hango haka, ta tanadi kwamitin sasanci a matakin kowace gunduma, ta kuma ba ƙungiyoyin masu saye damar tsaya wa mutum, ga kuma jami'an ma'aikatar ciniki. Amma ko'ina ka je, tambayar farko ita ce: ina faktir, wato rasit? Nan ne kunya ke cin mu. Ka saya a wurin ɗan'uwa da kuke sahu ɗaya a babban masallaci, neman rasit sai ya zama kamar ka ce ba ka yarda da shi ba. Shi kuwa da ya sari kayan a Duwala, da takardarsa ya dawo.

A ganina garantin doka ya fi ƙarfi kuma ya fi adalci, sai dai amfaninsa na gaske ba a kotu yake ba, a bakin kanti yake. Mai kantin da ya ga ka san haƙƙinka, da faktir a hannu da bayanin makaniki, ba ya cewa sai haƙuri da sauri haka. Alhaji ya koma karo na biyu tare da wani dattijo, tele ba a taɓa ta ba. Aka buɗe a gaban kowa, aka ga fitilu ne. Mai kanti ya sayi sababbi, Alhaji ya biya kuɗin aiki, aka yi musabaha.

Kai mai karatu, in taka ta yi duhu bayan garanti, kada ka fara da makaniki. Nemo faktir ɗinka, ka koma inda ka saya a cikin makon.