Farfaɗiya: Dalilin da ya sa ba a yanke shan Carbamazepine kwatsam

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce har kashi 70 cikin 100 na masu farfaɗiya za su iya daina faɗuwa idan suka samu maganin da ya dace. Carbamazepine, wanda aka fi sani da Tegretol, yana cikin waɗanda likitoci ke rubutawa.

Maganin yana toshe hanyoyin sinadarin sodiyam a jijiyoyin ƙwaƙwalwa, don kada saƙonninsu su ɓarke barkatai. Ba ya tumɓuke cutar, danne ta yake yi muddin yana cikin jini. Saboda haka manomin citta a ƙauyukan Kafanchan da ƙwayoyinsa suka ƙare ana tsakiyar aikin damina, ya ce sai ranar kasuwa zai sayo, ya jefa kansa cikin haɗari: yankewa kwatsam na iya jawo faɗuwa a jere, wadda kan yi kisa.

Yana kuma sa hanta ta hanzarta narkar da ƙwayoyin tazarar haihuwa, har ƙarfinsu ya ragu. Mace mai shan su, ko mai shirin ɗaukar ciki, ta sanar da likita tun farko. Burukutu yana ƙara jiri da barcin da maganin ke sawa.

Idan ƙuraje, zazzaɓi ko gyambon baki suka bayyana a makonnin farko, a garzaya asibiti a ranar.