Ranar Da Bayanai Suka Tashi Ƙaura

A ƙarshen mako na 20 zuwa 22 ga Afrilun 2018, bankin TSB na Birtaniya ya kwashe bayanan abokan hulɗarsa sama da miliyan 5 daga tsohon tsarin kwamfutar bankin Lloyds zuwa sabon da kamfanin Sabadell na Sifaniya ya gina masa. Bayanan sun isa lafiya, amma da jama'a suka dirar wa sabon tsarin sai ya kasa ɗaukar nauyinsu. Wasu suka kasa taɓa kuɗinsu, wasu suka buɗe waya suka ci karo da asusun mutanen da ba su sani ba. Shugaban bankin, Paul Pester, ya sauka a watan Satumba, kuma a Disambar 2022 hukumomin kula da harkar kuɗi suka ci bankin tarar fam miliyan 48.65.

Irin rumbun da bankuna ke ajiye bayanai a ciki ya samo asali ne daga wata maƙala da Edgar Codd, masanin lissafi a kamfanin IBM, ya wallafa a 1970. Shawararsa ita ce a zuba komai cikin jadawaloli masu layuka da sahu, kowane jadawali da abin da ya shafe shi. Ga na mutane, ga na asusu, ga na shiga da fitar kuɗi. Kowane mutum yana da lambar da ba wanda ya raba ta da shi, kuma da wannan lambar ake ƙulla jadawalolin. Idan mace ta yi aure ta sauya unguwa, wuri ɗaya tak za a gyara adireshinta, duk asusunta su bi. Daga baya Donald Chamberlin da Raymond Boyce suka ƙirƙiro harshen SQL na yi wa rumbun tambaya, manhajar rumbun bayanai ta Oracle ta fito kasuwa a 1979, sai PostgreSQL da MySQL da ake samu kyauta.

Babban alherin tsarin shi ne ba ya yarda da rabin aiki. In an tura naira dubu goma, cirewa daga wannan asusu da zubawa a wancan aiki ɗaya ne: ko su tabbata tare, ko a mayar da komai yadda yake.

Wahalar tana farawa ne ranar da za a haɗa rumbuna biyu ko a ƙaura daga wani zuwa wani. Ma'aikatan fannin sukan kasa aikin gida uku: a ɗebo, a gyara, a zuba. Na tsakiyar nan ne ke cin rai, kuma 'yan Najeriya sun ɗanɗana shi tun da aka fara BVN a 2014, balle da aka ce a haɗa layukan waya da lambar NIN a Disambar 2020. Mutum ɗaya ne, amma banki ya rubuta shi Mohammed, makaranta ta rubuta Muhammad, kamfanin waya ya taƙaita shi Moh'd. A wata takarda sunan mahaifi ne a ƙarshe, a wata sunan gari. Ranar haihuwa kuwa, 03/04 na iya zama uku ga Afrilu, in kuma tsarin na Amurka ne ta zama huɗu ga Maris. Kwamfuta ba ta san sanayya ba. Harafi ɗaya ya bambanta, to mutum biyu ne a wajenta. Dole wani ya zauna ya tsara ƙa'idar da za ta gane cewa su ukun nan mutum ɗaya ne, ba tare da ta cakuɗa Aisha Abdullahi ta Fagge da takwararta ta Zariya ba. Kuskure a nan ne ke sa dattijo ya yi sammako ya bi layi don gyara sunan da ba shi ya ɓata ba, abin da bai kamata a ɗauke shi ƙarami ba.

Zubawar ma tana da nata tarkon. A Oktoban 2020 hukumar lafiyar jama'a ta Ingila ta gano cewa sakamakon mutum 15,841 da suka kamu da korona bai shiga ƙididdiga ba. An riƙa bi da bayanan ɗakunan gwaji ta tsohon samfurin fayil na Excel wanda ba ya wuce layi 65,536, duk abin da ya haura sai ya zube ba ƙararrawa. Waɗanda suka yi cuɗanya da masu cutar ba a neme su a kan lokaci ba. Da an ƙirga abin da ya fito aka gwada da abin da ya shiga, kamar yadda ɗan kasuwa ke ƙirga buhuna wajen lodi da wajen sauke kaya, da tun ranar farko an kama giɓin.

Ƙwararru suna da dabarun rage haɗari da ɓata lokaci. Sukan zuba bayanai rukuni-rukuni maimakon layi-layi, su jinkirta gina fihirisa har sai an gama lodi, su kwashe mafi yawa tun da wuri, ranar ƙaura kuma su ɗauki abin da ya sauya kawai. Sukan kuma gwada ƙaurar sau da yawa a kan kwafi, da tanadin hanyar komawa tsohon tsari.

Shi kansa kwafin ajiya sai an jarraba shi. A ƙarshen Janairun 2017 wani injiniyan kamfanin GitLab, yana ƙoƙarin gyara rumbun PostgreSQL cikin dare, ya goge bayanan babbar na'ura a zaton na'ura ta biyu ce mai riƙe kwafi. Da aka waiwayi hanyoyin ajiya da kamfanin ke taƙama da su, sai aka tarar galibinsu ba sa aiki. Wani kwafi da aka ɗauka sa'o'i shida kafin nan ne ya cece su, aikin waɗannan sa'o'i kuwa ya tafi. Kamfanin ya wallafa cikakken bayanin abin da ya faru, sannan ya ɗora wa wani takamaiman ma'aikaci alhakin tabbatar da cewa ana gwada dawo da bayanai daga ajiya a kai a kai.