Tambayar kimiyya ma akwai ta tiya, akwai ta buhu

Mai sayar da hatsi a kasuwar Dole ta Damagaram ba ya soma awo sai ya ji abin da mai saye ya zo nema, tiya ko buhu. Malaman kimiyya ma haka suke yi da tambaya: suna raba ta hawa-hawa, ta ɗan firamare, ta ɗan kolej da lise, ta ɗan jami'a. Abin da muke so iyaye su lura da shi, sau da yawa tambayar guda ce, amsar ce ke sauya nauyi.

Mu ɗauki randa, tunda babu gidan da ba a san ta ba. Me ya sa ruwanta ke sanyi? Ɗan CM2 ya wadatar in ya ce ruwa na tsattsafowa ta jikin yumɓu, iska ta busar da shi, na ciki ya huce. Mai shirin BEPC sai ya ƙara da cewa ruwa ba ya zama tururi sai ya ɗebi zafi, kuma daga randar da ruwan cikinta yake ɗibarsa. Ɗan jami'a kuwa da lissafi zai zo: zafin da lita guda ke ci kafin ta koma tururi ya ninka fiye da sau 5 wanda ake buƙata a kai ta daga digiri 0 zuwa 100. Duk ukun gaskiya suka faɗa. Amma a ba yaron CM2 amsa ta uku, an ɗora masa buhu a ka, gobe ya ce kimiyya ba tasa ba ce.

Wannan rabo ba sabon abu ba ne. A 1956, wani malamin jami'ar Shikago ta Amurka, Benjamin Bloom, shi da abokan aikinsa sun jera tambayoyi hawa 6. Na ƙasa shi ne haddace abu, sai fahimtarsa, sai aiki da shi, har a kai ga yanke hukunci a kansa. An yi wa jerin gyara a 2001.

A ganinmu, yaranmu da yawa a hawan farko suke maƙalewa. Yaro ya karanto darasi tsaf kamar rediyo, uwa ta ji daɗi, ta ci gaba da biyan kuɗin darasin yamma daga ribar tumatur da albasa. Ranar jarrabawa a juya tambayar kaɗan, ya tsaya cak.

Ba sai kin yi lakwal ba za ki gwada shi, uwargida. In ya gama bayanin randa, ki ce masa: to me ya sa a watan Agusta ba ta sanyi kamar lokacin hunturu da bazara? Wanda ya fahimta zai ce iskar damina ta riga ta ƙoshi da laima, ba ta busar da jikin randa sosai.

Hawa na uku, wato aiki da sani, shi ne wanda wani malami a Jigawa ta Najeriya, Mohammed Bah Abba, ya taka a shekarun 1990. Ya sa tukunya cikin tukunya, ya cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen rairayi, ya rufe da jiƙaƙƙen ƙyalle, kayan miya suka riƙa kwanaki ba su lalace ba, babu lantarki. Ya samu kyautar Rolex a kan haka a 2000.